I.K. Dairo: Mai Askin Da Akwatin Kiɗa Ya Kai Shi Ajin Jami'a

A duk lokacin da 'yan bokonmu suka zauna suna lissafa mashahuran mutanen da aka haifa a tsohuwar Jihar Arewa, da wuya ka ji wani ya ambaci Isaiah Kehinde Dairo, wanda duniya ta fi sani da I.K. Dairo. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin kuwa Bayarabe ne, kuma a Ibadan da Legas ya yi tashensa. Amma fa a garin Offa aka yanke masa cibiya cikin shekarar 1930, lokacin garin yana ƙarƙashin Lardin Ilori, yau kuma yana cikin Jihar Kwara, ɗaya daga cikin jihohin Arewa 19. Dalilin da ya sa na ɗauko tarihinsa shi ne, rayuwarsa ta amsa wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya a matsayina na mai nazarin harshe: shin abin da ke cikin yatsun makaɗi ilimi ne da ya cancanci a ba shi aji da allo da ɗalibai, ko kuwa abin nishaɗi ne kawai da za a yi wa liƙi a watse?

Mahaifin Dairo kafinta ne a Hukumar Jiragen Ƙasa, mutumin Ijebu-Ijesa da aiki ya kai shi Offa, wadda a wancan zamani babbar tashar jirgi ce tsakanin Legas da Kano. Sunan Kehinde kuwa, a al'adar Yarabawa, shi ne na wanda ya biyo baya a cikin tagwaye, wato Husaini ke nan a wurinmu. Wani abin lura shi ne, a shekarar da aka haife shi ne layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru, bayan ya ratsa ta Gagarawa a ƙasarmu ta Gumel. Mun saba cewa gyaɗa da fatu jirgin ya zo kwasa, kuma gaskiya ne. Sai dai ya kuma yi dakon mutane da harsunansu, ya yi dakon garmaho da faifai, ya sa ɗan Ijesa ya ji Hausa, Bahaushe ya ji kiɗan bakin teku. Yaron da ya buɗe ido a garin tasha yakan tashi da kunne mai faɗi, kuma wannan ya bayyana a aikin Dairo daga baya.

Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka koma gida Ijebu-Ijesa. Bai yi nisa a makaranta ba, rashin abin hannu ya fitar da shi tun yana firamare. Mahaifinsa ne ya sassaƙa masa gangarsa ta farko. Daga nan sai ya shiga duniya neman abin sawa a bakin salati: ya yi aski, ya yi tallar yadi ƙauye-ƙauye, ya yi leburancin hanya da na gini, ya yi ƙwadago a gonakin koko, ya kuma taɓa kafinta irin na mahaifinsa. Da rana yana aikin ƙarfi, da dare yana bin makaɗa. A Ibadan ya zauna ƙarƙashin wani gwanin kiɗan juju mai suna Ojoge Daniel, inda ya ƙara gogewa. Sai a shekarar 1957 ya kafa rukuninsa na mutum goma mai suna Morning Star Orchestra, wanda daga bisani ya sauya wa suna zuwa Blue Spots, sunan da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya kamata in ɗan yi wa mai karatu bayanin kiɗan juju, don kada sunan ya ruɗe shi. Kiɗa ne da ya tsiro a Legas tsakanin shekarun 1920 da 1930 a hannun talakawan birni, kuma Tunde King ne ya fara shigar da shi faifai a 1936. Kafin zuwan Dairo, 'yan boko da manyan ma'aikata ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Kiɗansu shi ne hayilaif mai ƙahonnin Turawa, wanda ake yi a manyan otal-otal ana sanye da kwat da lakataye. Juju kuwa na leburori ne da direbobi da mashaya bammi. Duk wanda ya san irin kallon da ake yi wa mai kukuma ko mai gurmi a garuruwanmu, ya san matsayin mai juju a wancan lokaci.

Abin da Dairo ya shigo da shi cikin wannan kiɗa shi ne akodiyan. Wani ɗan akwati ne da ake riƙewa a ƙirji, tsakiyarsa zugazugi ne kamar na maƙera, gefensa kuma maɓallai. Idan makaɗi ya ja zugazugin ko ya matse shi, iska takan bi ta kan wasu siraran harsunan ƙarfe da ke ciki, su kaɗa su ba da amo. A birnin Vienna na ƙasar Ostiriya aka fara yi wa wannan abin kiɗa rajista a 1829, sannan matuƙa jiragen ruwa da 'yan kasuwa suka yaɗa shi a duniya. Wanda Dairo ya riƙe ƙarami ne, mai maɓallai goma kacal, kowane maɓalli yana ba da amo biyu, ɗaya in an ja, ɗaya in an matse. Abin kiɗa ne mai araha mai ƙarancin muryoyi, wanda ko a Turai ma ana ɗaukarsa na ƙauyawa. Da shi da jita da gangar Yarabawa mai magana, wadda 'yar'uwar kalangunmu ce, Dairo ya gina salon da ya mamaye ƙasar nan.

A nan ne mai nazarin harshe zai tsaya ya sara masa. Yarabanci harshe ne mai karin sauti hawa uku: sama, tsakiya da ƙasa. Hausa tana da biyu, sama da ƙasa, sai kuma faɗau da ke haɗa su. A irin waɗannan harsuna, mawaƙi ba ya da 'yancin ɗora kalma a kan duk amon da ya ga dama, domin in ya karkatar da karin, ma'ana tana iya sauyawa. Ku dubi kalmar fari a Hausa, yadda kari yake raba launi da ƙarancin ruwan sama. Wannan ne ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum ya yi masa take, mahauci ya ji ya zabura. Shi kuwa akodiyan an ƙera shi ne don waƙoƙin mutanen da harsunansu ba su da wannan doka. Saboda haka aikin da Dairo ya yi, na sa akwatin Bature ya bi hawa da saukar Yarabanci da 'yan maɓallansa goma, aiki ne na mai zurfin sanin harshensa, ko da kuwa bai taɓa jin sunan ilimin tsarin sauti ba.

Bai tsaya nan ba. Ya yi waƙa da karin harshen mutanensa na Ijesa a lokacin da ake ganin Yarabancin Oyo da na Legas ne kaɗai na fita kunya. Ya bi al'adun sassan ƙasar Yarabawa yana tattaro karin magana da tsofaffin waƙoƙin gargajiya yana sabunta su. Ya ɗebo daga waƙoƙin coci, ya ɗebo daga kiɗan Kyuba da ya cika faya-fayen garmaho a lokacin, ya kuma saka baitoci cikin harsunan wasu ƙabilu, har da Urhobo da Itsekiri da Hausa. Wanda yake yawo yana tambaya, yana tattarawa, yana tacewa, sannan ya fitar da sabon abu, a jami'a manazarci muke kiransa.

Tauraronsa ya haska ne daidai da samun 'yancin kai. A bukukuwan 1960 aka gayyace shi wata liyafa ta manyan mutane a Ibadan, inda alƙalai da lauyoyi da 'yan siyasa suka ji abin da suka daɗe suna rainawa, suka kuma yaba. Kamfanin Decca ya riƙa buga faya-fayensa, gidajen rediyo suka ɗauka, ya kuma lashe gasar makaɗan juju da gidan talabijin na Jihar Yamma ya shirya. Waƙoƙinsa gajeru ne, na minti uku ko kusa da haka, daidai cikin faifan wancan zamani, kuma wadda ake kira Salome tana cikin waɗanda suka fi shahara. A 1963 Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta ba shi lambar girma ta MBE. Mai askin da talauci ya kora daga firamare ya wayi gari sunansa yana cikin kundin fadar Ingila yana da shekara 33.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raunana hayilaif a Legas, juju ya samu fili, sai dai waɗanda suka fi cin moriyar filin matasa ne irin su Ebenezer Obey da Sunny Ade. Sun zo da jita masu yawa da manyan na'urorin ƙara sauti da dogayen waƙoƙin da ke cinye fuskar faifai guda, daidai da bukatar attajiran zamanin kuɗin man fetur masu son a wasa su su yi liƙi. Kasuwar Dairo ta ja baya. Ya mai da hankali ga cocin da yake jagoranta a Legas, na ɗariƙar Cherubim da Seraphim, har aka riƙa kiransa Baba Aladura. Ya kuma shiga fafutukar kare haƙƙin mallakar mawaƙa, yana cikin dattawan da suka tsaya wa ƙungiyar MCSN, domin ya ga yadda ake cin gumin makaɗi a bar shi da suna.

Abin da ya fi jan hankalina ya faru ne a ƙarshen rayuwarsa. A 1990 wani masani Ba'amurke, Christopher Waterman, ya wallafa littafi a kan tarihin kiɗan juju, inda ya ba Dairo babban matsayi. Sannan a zangon karatu na 1994 zuwa 1995, Jami'ar Washington da ke birnin Seattle a Amurka ta ɗauke shi ya koyar a sashenta na nazarin kiɗe-kiɗen al'ummun duniya. Wannan sashe yana da tsari tun shekarun 1960 na gayyato gwanayen makaɗa daga ƙasashe daban-daban su zauna su koyar, ba tare da an tambaye su takardar digiri ba. Dairo ya zauna da ɗalibai, ya nuna musu yadda ake riƙe abin kiɗa, yadda ganguna ke amsa wa juna, da yadda amo ke bin harshe. Bai daɗe da komowa gida ba ya rasu a garin Efon-Alaye cikin watan Fabrairun 1996, yana da shekara 65.

Kada mai karatu ya zaci cewa a Turai akodiyan ya samu shiga jami'a cikin sauƙi. A ƙasar Danmak an yi wani mutum mai suna Mogens Ellegaard, wanda aka haifa a 1935 ya rasu a 1995, shekara guda kafin Dairo. Lokacin da ya taso, manyan makarantun kiɗa na ƙasarsa ba su karɓar mai akodiyan, suna ganin abin na gidan rawa ne da bikin ƙauye. Ellegaard ya koma ga wani sabon samfuri wanda hannun hagu ke iya fitar da amo ɗaiɗai da shi kamar na dama, ya riƙa bin manyan masu tsara kiɗa yana roƙonsu su rubuta wa abin kiɗansa ayyuka na musamman. Ole Schmidt ya rubuta masa wani babban aiki a 1958, wasu suka biyo baya. A 1970 ya kafa sashen akodiyan a babbar makarantar kiɗa ta birnin Kopenhagen, ya zama farfesa a 1977. Ɗalibansa sun watsu a Turai suna koyarwa. Da Ellegaard da Dairo ba salo ɗaya suka bi ba, amma sun yi tarayya a abu guda: kowannensu ya ɗauki abin da aka raina ya kai shi inda ake koyar da shi, kuma abin da aka koyar ba ya bin mai shi kabari.

To, mu dawo gida. Mu ma ba mu rasa gwanaye ba, kuma ba za a ce jami'o'inmu ba su san da su ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos ta yi wa Ɗanmaraya irin wannan karamci. Malamanmu sun yi aiki mai yawa: Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata tun 1975, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu ɗimbin yawa. Sai dai akasarin wannan aiki a kan baitoci yake: jigo, salo, zubi da tsari. Muna rubuta abin da baki ya faɗa, abin da hannu ya yi kuwa ba kasafai yake samun mai rubutawa ba. Rigar digirin girmamawa ta yini ɗaya ce, a ɗauki hoto a ninke ta. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Haruna Uji na Haɗeja ya tafi da gurminsa, su Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam sun tafi da kukumarsu. Kasa-kasansu suna nan, amma kaset yana adana amo ne kawai, ba ya gaya maka wace fata aka rufa, yaya aka ɗaure tsirkiya, ko a ina ake ɗora yatsa.

Mu mutanen Jigawa mun fi kowa sanin yadda abu yake ɓacewa ana ji ana gani. A Auyo an yi harshen Auyakanci, a Teshena ta ƙasar Kafin Hausa an yi Teshenanci, dukkansu 'yan'uwan Hausa ne a cikin dangin harsunan Cadi, kuma yau babu mai magana da su. Masarautar Gumel kanta Mangawa ne daga Barno suka kafa ta wajen tsakiyar ƙarni na 18, amma yau Hausa ce ta gaje fada da kasuwa. Harshe ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan fara ne da iyaye su ji kunyar koya wa 'ya'yansu, sai ya koma bakin tsofaffi, sai a yi jana'izar tsohon ƙarshe ba tare da an san abin da aka binne tare da shi ba. Haka abin kiɗa yake. Ɗan makaɗi yau ya fi son ya shiga situdiyo, inda kwamfuta za ta kwaikwayi kalangu da algaita cikin minti biyar, kuma ban ga laifinsa ba, tunda gadon ubansa bai jawo masa komai ba sai sunan maroƙi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa ana iya tarar abin kafin ya faɗi. Malam Maman Barka, mutumin Tesker a Jihar Damagaram, malamin makaranta ne kuma gwanin gurmi da aka san waƙoƙinsa na Hausa a ɓangarorin iyaka biyu. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Cadi, ya durƙusa gaban wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne gwani na ƙarshe na biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale na masuntan Buduma. Ya koya, ya kai shi dandamalin Turai, ya kuma yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai kafin rasuwarsa a 2018. Damagaram ba nisa gare ta ba, ita ce ke aiko mana da raƙuma da shanu kasuwar Maigatari kowace Alhamis.

Na san wani zai ce, ai malaman addini sun yi maganganu a kan kiɗa, kuma al'ummarmu tana da dalilinta na ƙyamar wasu wuraren da ake yin sa. Wannan fage ne na malamai, ba ni da ta cewa a cikinsa. Abin da nake magana a kai shi ne tamburan fada da kakaki da algaita da ke gaban sarki ranar hawan salla, da gangar noma da ke tayar da samari a gayya, da kalangun mahauta, da dundufar maƙera, da sarewar makiyayan dajin Sule Tankarkar, da shantun mata a cikin gida. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da sunayen sassa, da take, da kirari, da tarihin gidaje, wato kalmomin Hausa ne da babu su a ƙamus da yawa. Ko wanda bai taɓa sauraron kiɗa ba, in dai yana kishin harshen nan, asarar ta shafe shi.

Shawarata ba mai tsada ba ce. Muna da Kwalejin Ilimi ta Jiha a Gumel, muna da jami'a a Dutse da Kafin Hausa. Sashen Hausa na kowace ɗaya yana iya ɗauko dattijon makaɗi guda daga Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, a ba shi zangon karatu ɗaya da albashi da kujera, a kira shi malam, domin malamin ne. Ya zo da ƙwaryarsa da fatarsa da izgarsa ya haɗa abin kiɗan a gaban ɗalibai, su rubuta sunan kowane sashe, su ɗauki hoton yatsunsa, su auna yadda amonsa ke bin karin sautin Hausa. Masarauta kuma ta taimaka da nuna gidajen da gadon yake, tunda ita ta san sarakunan kiɗanta. Kuɗin da ake kashewa a liyafar bikin yaye ɗalibai guda ɗaya ya isa a fara.

Mutanen Seattle ba su fi mu son Dairo ba, kuma ba su fi Yarabawa jin abin da yake faɗa ba. Abin da suka fi mu shi ne sun gane cewa mai askin nan yana da abin koyarwa, suka yi hanzari suka ba shi aji, kuma ashe saura masa 'yan watanni a duniya. Dattawan makaɗan da suka rage mana a ƙasar Lautai su ma ba yara ba ne. Da na sani ƙeya ce, a baya take. Allah Ya ba shugabannin makarantunmu da sarakunanmu ikon duba wannan magana tun masu abin suna raye, amin.